Gado Ya Auna Dalhatu

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Jega, lokacin da mutum kan hau tudu ya ɗaga hannu sama yana farautar sabis, an yi wani matashi da ake ce wa Gado. Ɗan mahauta ne gaba da baya, amma ko ɗan akuya bai taɓa feɗewa ba. Makaranta kuwa tun a aji biyu na sakandare ya yi mata sallama, ya ce malamin lissafi ne ke masa hassada. Abin da Allah ya hore masa shi ne baki. In Gado ya ba ka labarin ranar da ya ƙetare gulbi da babur, sai ka duba ƙafar wandonka ko ta jiƙe.

Ubansa ya rasu ya bar teburin nama a kasuwar Jega, a gindin wani durumi, inda duk mai shiga kasuwa sai ya gitta. Teburin yana hannun ƙanin uban, Baba Barau, dattijon mahauta, wanda ya ce ba zai miƙa shi ba sai ya ga mai iya riƙewa. Mutum biyu ke jira. Ga Gado, ga kuma Sa'idu ɗan gwaggonsa, wanda kullum yake tsaye a kan teburin yana sarar nama, in ya ɗago kai kuma ya sari Gado da magana.

Shi Gado inda yake yini shi ne kafen Nuraddeen, wani ɗaki a bayan tasha mai 'yan kwamfutoci da janareta mai tari. 'Yan jami'ar Aliero ne sunka kawo wani wasa na intanet a wurin. Kowa yana da ɗan mutuminsa a cikin allo, yana yawo da takobi yana faɗa da dodanni da mutanen wasu ƙasashe, kuma a saman kan kowa akwai lamba mai nuna matakinsa na faɗa. Ɗan mutumin Gado, wanda ya raɗa wa suna Zakin Jega, yana mataki na tara, kuma saniya ta taɓa kashe shi a gaban jama'a.

Wata rana Nuraddeen yana goge fulogin janareta, ya gaya masa yadda ake fitar da lambar nan. Abu biyar ake dubawa: hari, ƙarfi, kariya, jini da addu'a. A haɗa kariya da jini da rabin addu'a a raba huɗu. A haɗa hari da ƙarfi a ɗebi kamar kashi ɗaya cikin uku. A gama biyun, mataki ya fito. Kowanne kuma da hanyar ƙara shi: hari da ƙarfi a bugun ƙananan dabbobi, kariya a shan duka, addu'a kuwa a binne ƙasusuwa.

Gado ya fito daga kafen nan yana tausayin sauran mutanen Kebbi.

To, a lokacin mahautan Jega na cikin wani baƙin ciki. Duk shekara bayan cirar albasa akan yi dambe tsakaninsu da mahautan Aliero, kuma shekaru a jere wani Dalhatu na Aliero ke kashe musu maza. Kisa a dambe dai ba mutuwa ba ce, da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, amma ga Baba Barau da mutuwar ba su da nisa. In ya shiga kasuwar Aliero sai a riƙa tambayarsa ko bana ya sayi tabarmar kwantar da yaransa. Abin haushin, Dalhatun nan ɗan gajere ne siriri, in ka gan shi a hanya sai ka ba shi riƙon jaka.

Ran wata kasuwa dattawa na zaune a gindin durumi suna jajanta abin, Gado ya ja benci ya zauna ba a kira shi ba. Ya ce matsalarsu ita ce faɗa suke a makance. Turawa sun daɗe da mayar da faɗa lissafi, tun kafin a ɗaure hannu an san wanda zai faɗi, kuma duk faɗin jihar nan shi kaɗai ya iya lissafin. A ba shi wata ɗaya ya ƙera musu mutumin da zai ninka Dalhatu a mataki.

Sa'idu, bai ko ɗago daga ƙashin da yake sara ba, ya tambaya ko lissafin yana da gurbin saniya.

Baba Barau ya daɗe yana kallon Gado, sannan ya ce, "To, ɗan yayana, na jiya. Kawo man wanda za ya kashe Dalhatu, in miƙa maka wuƙar ubanka gaban kowa, tebur shi zama naka. In kuwa anka kashe naka, na Sa'idu ne, kuma kar in ƙara jin zancenai ga bakinka."

Gado ya ce a fara wanke teburin.

Mutumin da ya zaɓa shi ne Mamuda, wani ɗan dako ɗan Gumbin Kure, wanda kan ɗora buhun albasa a ka, ya rungumi wani a hamata, yana tafe yana gaisawa da mutane. Ƙato ne na gaske, amma ko sauro ya cije shi haƙuri yake ba shi. Gado ya zagaye shi, ya matsa damtsensa, ya leƙa bakinsa, sannan ya tsuguna ya kama zane a ƙasa da tsinke. Da ya iso wurin rabawa huɗu sai ya tuna abin da ya raba shi da makaranta, ya tsallake wurin. Mamuda ya fito sittin da biyu. Gado ya ce ba laifi, amma da sauran aiki. Shi Mamuda bai fahimci komai ba sai kalmar nama da ya ji a cikin alkawari, ya ce ya yarda.

Sunka koma Gumbin Kure don kada 'yan leƙen asirin Aliero su ga horo. Da kaji anka fara, domin haka kowane jarumi ke farawa a cikin kwamfuta. Sai dai kajin kwamfuta tsayawa suke a buge su, na Gumbin Kure kuwa ba su da wannan tarbiyya. Mamuda, hannu a naɗe da tsumma, ya bi wata kaza mai wake-wake ta bayan rumbuna, ta ƙarƙashin amalanke, ta cikin turken awaki, Gado na biye yana ba da umarni. Kazar ta kutsa ta ƙasan wata danga. Mamuda ya kutsa ta tsakiyarta. Dangar ta kwanta, ta kwantar da tukunyar miya, sai ga su tsaye a tsakar gidan Delu, uwar matar Mamuda.

Mamuda kuwa mutum ne da tun da ya yi aure bai taɓa yarda sun haɗa ido da surukarsa ba, in ya hango ta a hanya gona yake faɗawa. Kafin Delu ta miƙe, Mamuda ya haura katangar baya, ya bar Gado da ita da muciyar da ke hannunta.

Ta tambaye shi ɗan wane ne, da abin da ya kawo shi gidanta ta inda babu ƙofa. Gado ya gyara tsayuwa ya ce bincike suke, kuma kowace kaza anka buga akwai abin da take ƙara wa mutum. Delu ta auna masa muciya a kafaɗa.

"Wannan hwa, mi ta ƙara maka?"

"Kariya, Inna," in ji Gado yana ja da baya.

"To tsaya in cika maka ita."

Bai tsaya ba. Amma a hanya ya gane cewa tsohuwar ta tuna masa darasi na gaba. Washegari ya ɗaure Mamuda a jikin wata kuka, ya kira abokan dakonsa su riƙa jibgarsa da buhun ƙaiƙayi. Labari ya bazu cewa a Gumbin Kure akwai ƙaton da ake duka kyauta. Mutane sunka riƙa zuwa har daga Giwa Tazo. Wanda matarsa ta ɓata masa rai ya zo, wanda jakinsa ya ƙi tafiya ya zo, wani tsoho ma anka kawo shi a kan keke ya yi nasa da sanda ya koma. Da Mamuda ya fara hawaye, Gado ya gaya masa lambar ce ke hawa, dole ta nemi hanyar fita.

Jini kuwa abinci ke gyara shi. Gado ya riƙa zuwa Jega yana karɓo tsoka da kayan ciki da sunan Baba Barau. Rabi kan isa ga Mamuda. Sauran rabin, in ji Gado, mai horarwa ma jini ne a jikinsa.

Saura addu'a. Gado ya je mayanka ya cika buhuna da ƙasusuwa, ya ɗaure a bayan tsohon babur ɗinsa, ya kama hanyar Gumbin Kure. Tun daga bakin gari karnuka sunka rufa masa baya, kowane ƙauye ya wuce wasu su ƙaru, har direbobi na rage gudu suna tambayarsa ko sarauta anka ba shi. Da ya iso, sai ga wata matsala: bazara ce, ƙasa ta bushe kamar dutse, fartanya ma tsalle take. Wuri ɗaya ne mai laushi a garin, fadama, inda ake ban ruwan albasa. Nan sunka yini, Gado na miƙo ƙashi, Mamuda na turbuɗewa a tsakanin kunyoyi, Gado na ƙara lamba.

Da gari ya waye karnukan ƙauyuka sun yi wa fadamar huɗar da ko shanu ba su iya ba. Albasar da ta kusa cira tana warwatse kamar an yi rabon gado, ga ƙoƙon kan saniya a tsakiyar fage yana kallon masu wucewa. Mata sunka ce tsafi ne. Maza sunka ce tsafi ne babba. Da anka bincika mai fagen, sai ta zama Delu.

Anka gurfanar da su gaban maigari, liman na zaune a gefe, Delu na bayan zana tana ba da shaida da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Mamuda kansa na tsakanin gwiwoyinsa. Gado ya rantse ba tsafi ba ne, addu'a ce. Liman ya tambaye shi a wane littafi ya gani. Gado ya ce a kwamfuta. Liman ya shafa gemu, ya ga wannan ba irin wanda ake gyarawa a zama ɗaya ba ne, sai ya juya ga ɗayan.

"Mamuda, addu'a kaka so?"

Mamuda ya gyaɗa kai.

"To ga masallaci can, ƙofa buɗe. Ba a zuwa da ƙashi."

Baba Barau ne ya kashe wutar. Ya aika wa Delu da cinyar saniya da kai da ƙafa, ya kuma aika wa Gado cewa ya ji duk abin da ke faruwa, yana nan yana jiran ranar. Gado kuwa murna ta kama shi. Ga addu'a kyauta, sau biyar a yini, babu dako, babu karnuka. Kullum ya leƙa ya ga Mamuda a sahun gaba sai ya ƙara lamba. Ya gan shi yana sharar masallaci, ya ƙara. Ya gan shi zaune gaban liman yana sauraron karatu bayan kowa ya watse, ya ƙara da yawa. Ya koma Jega yana shela cewa mutuminsa ya kai ɗari da ashirin, kuma kwamfuta kanta ba ta wuce nan.

Ranar dambe, bayan la'asar, filin bayan kasuwar albasa a Aliero ya cika ya batse. Mutanen Jega sun zo mota-mota. Kalangu na tashi, ƙamshin albasa na sa ido ruwa, Baba Barau na zaune a gaba da wuƙar yayansa cikin kube a kan cinya. Dalhatu ya fito ya zaga fage ya koma ya tsuguna. Gado, sanye da baƙin tabarau, yana ta leƙen hanya.

Can sai ga Mamuda cikin farar riga, da hula, da carbi, ido ya sha kwalli. Ya ratsa fage a natse, ya miƙa wa Dalhatu hannu biyu, ya tambaye shi iyali da gajiya. Sannan ya juya ga jama'a ya ce shi ya zo ne neman gafara. Ya saurari karatu, ya gane bai kamata ya ɗaga hannu a kan Musulmin da bai yi masa komai ba, kuma duk wanda ya jibge shi a gindin kuka ya yafe masa.

Gado ya ja shi gefe. Ya roƙa, ya tuna masa naman da ya ci, ya ce turmi ɗaya kawai, bayan nan ya tuba da hujja. Mamuda sai murmushi yake yana jan carbi.

"Rabin addu'a aka sawa cikin lissahi, Mamuda," in ji Gado kamar zai yi kuka. "Rabi. Kai kuma ka kwashe ta duka."

Mamuda ya yi masa fatan shiriya, ya nemi wuri a inuwa ya zauna.

Mutanen Aliero sunka fara ihu. Gado ya saci kallon Baba Barau, ya ga hannunsa ya sauka a kan kube, ya ga Sa'idu ya matso kusa yana goge tafinsa a riga. Teburin gindin durumi na shirin tafiya yana kallo. Sai ya faɗa tsakiyar fage ya ɗaga hannu, ya ce jama'a su saurara. Shi ne ya hana Mamuda, domin lissafi ya nuna tazarar ta yi yawa, in anka bari sunka haɗu sai dai a nemo likkafani. Tausayin Aliero ne ya sa.

Dalhatu, da 'yar muryarsa, ya ce shi bai san ana auna mutum ba, yana so a auna shi ya ji.

Gado ya karɓi sanda a hannun wani ya kama zane a ƙasa. Ya tambayi Dalhatu kaji nawa ya taɓa bugu. Dalhatu ya ce shi yanka su yake. Ya tambaye shi ƙashi nawa ya binne. Dalhatu ya ce su a Aliero sayar da ƙashi suke. Ya tambaye shi duka nawa ya sha. Dalhatu ya yi tunani, ya ce gaskiya ba a cika samunsa ba. Gado ya girgiza kai cikin jimami, ya ce to ka gani, kariya babu. Wani ya nuna layun da ke damtsen Dalhatu, Gado ya ce tsafi ba ya shiga lissafi sai ya fi ƙarfin mutum yawa. Ya ja layi, ya goge da ƙafa, ya sake ja, ya miƙe ya sanar cewa Dalhatu talatin da ɗaya ne.

Filin ya ɗauki dariya, har da Dalhatun. Cikin dariyar ne muryar Sa'idu ta fito.

"To kai hwa, malam mai lissahi, nawa kake?"

Gaskiyar amsar tara ce, kuma akwai 'yan jami'a a wurin da sunka san haka. Amma bakin Gado bai taɓa shawara da shi ba. Ya ce mai horarwa ai ba ya zama ƙasa da wanda ya horar, shi ɗari da talatin ne. Sa'idu ya tuna masa ya ce kwamfuta ba ta wuce ɗari da ashirin. Gado ya ce shi alfarma anka yi masa.

Baba Barau ya gyara zama ya ce alhamdu lillahi, ashe abin nema na gida. Shi dai cewa ya yi a kawo masa wanda zai kashe Dalhatu, bai ambaci suna ba.

Makaɗa sunka cafe. Kafin Gado ya haɗa wata magana an tuɓe masa riga, an zare tabarau, an cire takalma, wasu ƙarti biyu na naɗe masa hannun dama da kara, igiyar 'yan dambe, har ya koma kamar kan taɓarya. Maroƙi na ta zuba kirarin ɗari da talatin. Anka tura shi fage.

Gado dai faɗa ɗaya ya sani, na allo, inda ake yi bi da bi: ka buga, a buga maka, kana duban jininka. Ya tambayi Dalhatu wa zai fara. Dalhatu ya ce baƙo. Gado ya rufe ido ya kai wani irin naushi da ya juya shi sau ɗaya da rabi, ya buɗe ido ya ga makaɗa a gabansa. Ya juyo, ya tsaya ƙiƙam, ƙirji a buɗe, yana jiran na abokin faɗa.

Dalhatu ya dubi Baba Barau kamar mai neman izini. Baba Barau ya ɗaga kai sama yana kallon shirwa. Dalhatu ya ɗan taɓa Gado a haƙarƙari, taɓawar da a wurinsa gaisuwa ce.

Gado ya ji jininsa ya sauka fiye da rabi. Kuma kowa ya san abin da jarumi ke yi in jini ya sauka a tsakiyar faɗa: abinci yake ci. Ya sauke hannun hagu, wanda shi kaɗai ke tsare masa fuska, ya cusa a aljihun wando, ya zaro guntun kilishi. Yana kai shi baki na Dalhatu ya iso.

Waɗanda ke kusa sun ce ba faɗuwa ya yi ba, naɗewa ya yi kamar tabarma.

Da ya farfaɗo, ruwa na bin kunnensa, abin da ya fara gani ta tsakanin ƙafafun mutane shi ne Baba Barau tsaye yana miƙa wa Sa'idu wuƙa cikin kube, Sa'idu ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Babu wanda ya yi dariya a wannan kam. Gado ya mayar da ido ya rufe, ya daɗe bai buɗe ba.

Anka ɗora shi a bayan motar albasa, bisa buhuna, Baba Barau ya hau ya zauna kusa da shi. Rigar ba a gan ta ba, tabarau ya bi wani, takalma sun shige cikin taro. Har sun wuce rabin hanyar Jega. Sannan Gado, da leɓe kamar an hura, ya ce a cikin wasan ma haka ake yi, in an kashe jarumi a garinsu yake farkawa, kuma komai nasa ya tafi sai abu uku.

Baba Barau ya dube shi sama da ƙasa. Ya nuna wando, ya ce ɗaya. Ya nuna guntun kilishin da har yanzu ke damƙe a hannun hagu, ya ce biyu. Ya duba gefen buhu, ya duba ƙarƙashin ƙafa, bai ga komai ba.

Gado ya ɗan ɗago ya ce, in don gaskiya za a bi, lissafi bai yi kuskure ba. Sabis ne ya ɗauke daidai lokacin da zai kauce, kuma da a Jega anka yi damben, inda ya san ƙarfin janareta, da yanzu Dalhatu na asibiti.

"Yawwa," in ji Baba Barau, yana nuna bakin Gado. "Ga na ukun nan."